Gina Kanel na Linux don Ƙaramin Allo: Jagora ta Kan BeagleBone Black

Idan ka ɗora Linux a kan laftof, ba sai ka gaya masa abin da ke cikin na'urar ba. Da kansa yake bin layukan PCI da USB yana tambaya, kowace na'ura ta amsa sunanta, abin da ya saura kuma teburan ACPI da kamfani ya ajiye a ciki su bayyana masa. Ƙananan allunan da ake sakawa cikin injina, irin na rawuta ko mitar wuta ko akwatin da ke lura da famfon sola, ba haka suke ba. Yawancin abin da ke jikinsu ba ya amsa kira. Agogon da aka rataya a layin I2C ba zai taɓa cewa ga ni nan ba. Sai an gaya wa kanel, wato zuciyar Linux da ke tsakanin manhajoji da ƙarfe, cewa abu kaza yana wuri kaza, a kuma tabbatar direban abin yana ciki. Direba da bayanin wuri, su ne kusan dukan aikin. Wanda ya riƙe wannan ba zai firgita ba in ya buɗe saitin kanel ya tarar da zaɓuɓɓuka sun haura dubu goma, domin waɗanda suka shafe shi ba su taka kara sun karya ba.

Zan yi misali da BeagleBone Black, allon da ya fito a 2013. Yana ɗauke da furosesa AM335x na kamfanin Texas Instruments, mai ƙwayar ARM Cortex-A8 da ke gudu a gigahaz 1, da memori megabait 512, da ma'adanar eMMC wadda ta kai gigabait 4 tun daga fitowar Rev C. Ya tsufa, kuma tsufan ne ya sa na zaɓe shi: ainihin kanel na Linux ya san shi ciki da bai, ba sai ka je roƙon faci a wani wuri ba. A ce kuma aikin da za a ba shi shi ne lura da rijiyar burtsatse mai sola a wani ƙauye. Yana buƙatar agogo mai batir, don allon ba shi da nasa kuma duk sanda wuta ta yanke sai ya manta kwanan wata, yana kuma buƙatar modem na USB da zai riƙa aiko da rahoto.

Waya kafin komai

Kada ka rubuta umarni ko ɗaya kafin ka mallaki wayar siriyal. Sabon kanel da ya ƙi tashi ba zai nuna komai a talabijin ba, ba zai hau intanet ba. Ta wannan waya kaɗai yake faɗin abin da ke damunsa. A jikin allon akwai jerin ƙafafu shida mai suna J1. Ƙafa ta 1 ita ce ta ƙasa, ta 4 ta karɓa, ta 5 ta aikawa. Wayar ta zama mai aiki da bolt 3.3, mai bolt 5 tana iya ƙone ƙafar furosesa. Haɗa ta da kwamfutarka, ka buɗe:

picocom -b 115200 /dev/ttyUSB0

Kunna allon da manhajar da ya zo da ita, ka zauna ka karanta abin da ke gangarowa. Za ka ga matakan tashi a jere. Da farko wani ɗan shiri da aka ƙone a cikin furosesa tun daga masana'anta yana nemo fayil mai suna MLO, ya loda shi a 'yar memorin da ke cikin furosesan. MLO ya tashi babbar memori, ya jawo U-Boot. U-Boot ya jawo kanel da bishiyar na'urori, wato fayil ɗin da ke bayyana inda kowace na'ura take, ya miƙa musu ragama. Ajiye wannan rubutu duka a fayil. Ranar da naka kanel ya cije, da shi za ka gwada ka ga inda aka rabu.

Wane kanel?

Hanyoyi biyu ne. Akwai na kamfanin da ya ƙera furosesa, Texas Instruments suna da nasu reshe, BeagleBoard.org ma suna da nasu. Akwai kuma ainihin wanda ke kernel.org, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yake kuma jagoranta har yau. Na kamfani yakan zo da tallafin abubuwan da ainihin bai gama karɓa ba, kamar injin zane PowerVR SGX530 da ke cikin AM335x. Amma facin kamfani yana da yawa, kuma ranar da suka koma kan sabon furosesa kai da allonka sai ku zama marayu. Akwatin rijiya ba ya zane. A ganina, duk aikin da ainihin kanel zai iya, da shi ya kamata a yi.

A cikin ainihin ma sai ka zaɓa. Sabuwar siga tana fita kusan duk mako tara zuwa goma, yawancinsu kuma ba sa daɗewa ana kula da su. Sau ɗaya a shekara ake ware guda a ce za a daɗe ana yi mata gyara, irin su 6.1 ta ƙarshen 2022, da 6.6 ta 2023, da 6.12 ta 2024, waɗanda Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin ke riƙe da su. Ranar da kulawar kowacce za ta ƙare tana rubuce a kernel.org, ka duba ta kafin ka yanke shawara. Masu injinan da za su shekara goma a daji sukan koma ga shirin CIP na gidauniyar Linux, wanda ke riƙe wasu sigogi kamar 5.10 da 6.1 na tsawon wannan lokaci.

git clone --depth 1 --branch linux-6.12.y https://git.kernel.org/pub/scm/linux/kernel/git/stable/linux.git

Wannan --depth 1 ɗin yana hana a jawo maka tarihin kanel gaba ɗaya, wanda ya kai gigabait da dama. Mai sayen data da kuɗin aljihunsa ya san darajar hakan.

Ginin farko, ba tare da taɓa komai ba

Ba a kan allon za a yi ginin ba. Zai iya, amma sai ka kwana ka wuni kana jira. A kan kwamfutarka za a yi, da kwamfaila mai fitar da shirin ARM ko da ita kwamfutar ta Intel ce. A Debian ko Ubuntu ka saka gcc-arm-linux-gnueabihf tare da build-essential, bc, bison, flex, libssl-dev da libncurses-dev. Sannan:

export ARCH=arm
export CROSS_COMPILE=arm-linux-gnueabihf-
make omap2plus_defconfig
make -j4 zImage modules dtbs

Ɗan karan da ke ƙarshen CROSS_COMPILE ba ado ba ne, a bayansa ake liƙa gcc da ld da sauransu. Layukan export ɗin nan kuma suna mutuwa da zarar ka rufe tagar umarni. Wanda ya buɗe sabuwar taga ya shiga saiti ba tare da ya maimaita su ba, to tsarin ginin zai ɗauka kanel na kwamfutar tebur ake so, ya share zaɓuɓɓukan ARM daga .config ba tare da neman izini ba. Rubuta su a ɗan fayil ka riƙa kiransa kullum.

Fayil ɗin omap2plus_defconfig saiti ne na wani babban dangi na furosesan Texas Instruments, har da AM335x. Akwai multi_v7_defconfig da ya fi shi faɗi, ya haɗa kamfanoni da yawa. Ko wanne ka ɗauka, ka gina shi yadda yake, ka tayar da allon da shi, kafin ka canza ko harafi ɗaya. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki saboda ɗoki: su yi canji arba'in a zama ɗaya, allo ya yi gum, su rasa ko laifin kwamfaila ne, ko na katin memori, ko na ɗaya daga cikin arba'in ɗin.

Kanel zai fito a arch/arm/boot/zImage. Bishiyar allon, tun daga siga 6.5 da aka rarraba su gida-gida bisa kamfani, tana arch/arm/boot/dts/ti/omap/am335x-boneblack.dtb, tsofaffin bayanai za su nuna maka wani wuri, kada ka ruɗe. Kwafe su biyun zuwa ɓangaren farko na katin memori. Modul kuma a ɓangare na biyu za su zauna, inda babban rumbun fayiloli yake:

sudo make ARCH=arm CROSS_COMPILE=arm-linux-gnueabihf- INSTALL_MOD_PATH=/mnt/kati INSTALL_MOD_STRIP=1 modules_install

In ka manta INSTALL_MOD_PATH, modul ɗin ARM za su zube a cikin /lib/modules na kwamfutarka, allon kuma ya tashi babu ko ɗaya.

Saka katin, wanda dole ya kasance da nasa MLO da U-Boot, ka danne maɓallin S2 da ke kusa da ramin kati, sannan ka ba da wuta. In ba ka danne ba, furosesa zai ɗauki tsohon U-Boot da ke cikin eMMC. Tsayar da U-Boot da maɓallin tazara, ka rubuta da hannunka:

load mmc 0:1 0x82000000 zImage
load mmc 0:1 0x88000000 am335x-boneblack.dtb
setenv bootargs console=ttyS0,115200n8 root=/dev/mmcblk0p2 rootwait
bootz 0x82000000 - 0x88000000

Memorin allon tana farawa daga 0x80000000, an kuma bar tazara mai faɗi tsakanin adireshin biyu don kada kanel ya taka bishiyar idan ya warware kansa. Karan da ke tsakiyar layin ƙarshe yana nufin babu initramfs, wanda bayaninsa ke tafe.

Haruffa uku: y, m da n

Yanzu ne za a buɗe make menuconfig. Kusan kowane direba yana da matsayi uku. Harafin y yana nufin a gina shi a jikin zImage. Harafin m yana nufin a yi shi modul, fayil dabam da za a lodo daga rumbu in an buƙata. Harafin n yana nufin a bar shi.

Ƙa'idar da ta fi kowacce muhimmanci a nan ita ce: duk abin da kanel ke buƙata kafin ya kai ga rumbun fayiloli, dole ya zama y. Direban katin memori, wanda a sabbin sigogi shi ne CONFIG_MMC_SDHCI_OMAP. Direban tsarin fayil, CONFIG_EXT4_FS. Direban siriyal, CONFIG_SERIAL_8250_OMAP. Direban TPS65217, guntun da ke rarraba wuta a allon. In ka mai da direban kati modul, ka kulle ɗaki ke nan ka bar mabuɗin a ciki: modul ɗin yana kan kati, katin kuma ba zai karantu ba sai da modul ɗin. Manyan rabe-raben Linux suna kauce wa wannan da initramfs, ɗan ƙaramin rumbu na wucin gadi da ake lodawa tare da kanel, domin ba su san irin kwamfutar da za su tarar ba. Kai ka san allonka. Sa su y, ka huta da initramfs.

Kada ka bi jerin saitin shafi-shafi kana nema, za ka ɓata. Danna /, ka rubuta sunan abin. Rubuta DS1307, misali, zai nuna maka CONFIG_RTC_DRV_DS1307, wanda shi ne direban da ke kula da DS3231, agogon da za mu rataya. Zai nuna inda zaɓin yake, da abubuwan da ya dogara a kansu, da halin da kowanne yake ciki. Danna lambar da ke gefe, ya kai ka wurin kai tsaye. Idan ka je ba ka ga zaɓin ba, ba ɓacewa ya yi ba, wani abin da ya dogara a kai ne yake a kashe. Kuma idan uban zaɓi m ne, ɗansa ba zai iya zama y ba. Saboda wannan sarƙa ce ba a buɗe .config a gyara da hannu: za ka rubuta y, gini na gaba ya mayar da shi yadda yake, bai ce maka uffan ba.

Don modem, kunna CONFIG_USB_SERIAL_OPTION, wanda ke fito da ttyUSB ga yawancin modem ɗin wayar salula, da CONFIG_PPP da CONFIG_PPP_ASYNC. Sabbin modem sukan fi son CONFIG_USB_NET_QMI_WWAN. Waɗannan za su iya zama m. Abu biyu game da modem ba laifin kanel ba ne, ko da yake shi ake ɗora wa: wasu suna fara bayyana a matsayin faifan CD sai manhajar usb_modeswitch ta juya su, kuma suna zuƙar wuta sosai lokacin aikawa. Allon da ake ciyarwa ta ƙaramar kafar USB zai riƙa sakin modem ɗin. Ba shi wuta ta kafar bolt 5 da caja mai ƙarfi kafin ka sake gina komai.

Tun da wutar wurin ba abin dogaro ba ce, ƙara CONFIG_OMAP_WATCHDOG, mai sake tayar da allo idan ya sandare babu mai zuwa ya kashe ya kunna. Ƙara CONFIG_SQUASHFS da CONFIG_OVERLAY_FS idan kana da niyyar mai da rumbun fayiloli na karantawa kawai, wanda yankewar wuta a tsakiyar rubutu ba ta lalata shi. Sannan wasu biyu da nake ganin bai kamata a gina kanel babu su ba: CONFIG_LOCALVERSION, ka sa masa suna kamar -rijiya1 don uname -r ya gaya maka wanda ke gudana, da CONFIG_IKCONFIG_PROC, wanda ke ajiye saitin a /proc/config.gz. Bayan shekara biyu, in akwati ya dawo daga ƙauye, shi zai gaya maka yadda aka gina shi.

Batun rage nauyi kuwa, ana yawan zuzuta shi. Kashe sauran furosesa irin OMAP3, OMAP4 da DRA7, da sauti, da zane, yana rage lokacin gini da kuma ƙofofin da ɓarna za ta iya shigowa, wannan gaskiya ne. Amma allon da ke da gigabait 4 bai damu da megabait ɗaya ba. Farautar kilobait ta masu filashin megabait 16 ce; su ne ke buƙatar matsewar XZ, wadda ta fi ƙanƙanta amma ta fi jinkirin warwarewa, ko LZ4 idan saurin tashi ake nema. In za ka rage, rage rukuni ɗaya, ka gina, ka tayar, sannan na gaba.

Bishiyar na'urori

Ka kunna direban agogo, ka gina, ka tayar, shiru kake ji. Dalili shi ne direba yana ciki amma ba wanda ya gaya wa kanel akwai agogo. A da, kowane allon ARM yana da nasa fayil na harshen C a cikin kanel mai wannan bayani, har suka yi yawan da a 2011 Torvalds ya fito fili ya nuna ɓacin ransa. Daga nan masu ARM suka rungumi bishiyar na'urori, tsarin da ya samo asali daga Open Firmware wanda PowerPC ta daɗe tana amfani da shi. Bayanin ƙarfe ya koma fayil dabam, kanel ɗaya ya iya tashi a kan alluna da yawa.

Kada ka gyara fayil ɗin allon na asali. Yi naka a gefensa, ka kira shi am335x-boneblack-rijiya.dts:

#include "am335x-boneblack.dts"

/ {
	aliases {
		rtc0 = &agogo;
		rtc1 = &rtc;
	};
};

&i2c2 {
	agogo: rtc@68 {
		compatible = "maxim,ds3231";
		reg = <0x68>;
	};
};

Ƙara sunansa, da ƙarshen .dtb, a Makefile na wannan jaka kusa da na sauran AM335x, ka sake make dtbs, ka kuma tuna canza sunan a umarnin U-Boot. Layin I2C2 yana fitowa a ƙafa ta 19 da ta 20 na jerin P9. Layin compatible shi ne igiyar da ke ɗaure na'ura da direbanta: kanel yana neman direban da ke ɗauke da wannan rubutu harafi da harafi, kuskuren harafi ɗaya kuma ba ya jawo ƙorafi, na'urar ce kawai ba za ta bayyana ba. Sashen aliases yana da dalili. Furosesan yana da nasa agogo na ciki marar batir, kanel kuma daga rtc0 yake ɗaukar lokaci idan ya tashi. In ba ka ba wa DS3231 wannan matsayi ba, za ka ga agogo yana aiki lafiya amma rahoton rijiya yana zuwa da kwanan watan da ba a yi ba.

Wani ɗan tarko: ƙananan allunan DS3231 masu araha sukan zo da guntun memori AT24C32 a adireshi 0x57, BeagleBone kuma ya ware 0x54 zuwa 0x57 a wannan layi don allunan da ake ɗora masa a ka. In za ka haɗa su, duba kada su yi karo.

Bayan tashi, i2cdetect -y -r 2 zai nuna UU a gurbin 68 idan direba ya kama agogon. In lambar 68 ce ta fito, wayoyi daidai suke, matsalar tana bishiya ko direba. In babu komai, koma kan wayoyinka.

Idan ya cije

Cijewar iri kaɗan ce, kowacce da alamarta. Idan rubutu ya tsaya a Starting kernel ... bai ƙara ba, sau da yawa kanel yana gudana, magana ce ba ta fitowa. Tsohon direban siriyal yana kiran kafar ttyO0, da harafin O, sabon kuma ttyS0. Wanda ya kwafo bootargs daga tsohon bayani zai iya faɗawa nan. Ƙara earlycon a bootargs, zai fara magana tun kafin direban siriyal ya tashi. In har yanzu shiru, tuhumi bishiyar, wataƙila ta wani allo ce.

Idan ka ga VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0), kanel bai ga katin ba kwata-kwata: ko direban m ne, ko ka manta rootwait, wanda ke sa shi jiran kati ya shirya. In lambobin ba sifili ba ne, ya ga katin, tsarin fayil ɗin ne bai gane ba ko ka nuna masa ɓangaren da ba shi ba. Lambar mmcblk tana iya sauyawa tsakanin sigogi, don haka ya fi aminci ka rubuta root=PARTUUID= da lambar da blkid ya ba ka. PARTUUID kanel ke ganewa da kansa. UUID zalla sai da initramfs.

Idan ya tashi amma modul sun ƙi loduwa, gwada abin da uname -r ya faɗa da sunan jakar da ke /lib/modules. Ka gina sabon zImage ka bar tsofaffin modul, ko kuma git ya liƙa wa sunan alamar + ko -dirty saboda gyaran da ba ka adana ba. Idan na'ura ɗaya ce ta ƙi fitowa babu wani ƙorafi a dmesg, leƙa /sys/kernel/debug/devices_deferred. Nan ake jera direbobin da ke jiran wani abu, wuta ko bugun agogo ko ƙafa, wanda nasa direban ba ya nan.

Cire kati da mayarwa sau talatin a wuni yana gajiyar da mutum, yana kuma gajiyar da ramin katin. Da zarar ginin farko ya tashi, sa U-Boot ya riƙa jawo zImage da bishiyar ta wayar Ethernet da umarnin tftp daga kwamfutarka.

Ajiye abin da ka yi

Fayil ɗin .config layuka dubbai ne, kuma ba shi za ka adana ba. Umarnin make savedefconfig zai tace shi ya bar abin da ya saɓa wa na asali kawai, a fayil mai suna defconfig. Na fi son wata hanyar: ka rubuta canje-canjenka kaɗai a ɗan fayil, rijiya.config, kowane layi da bayanin dalilinsa a samansa, sannan ka haɗa:

scripts/kconfig/merge_config.sh arch/arm/configs/omap2plus_defconfig rijiya.config

Amfaninsa shi ne yana tona asiri: duk zaɓin da ka nema bai samu shiga ba, zai faɗa maka a ƙarshe. Wannan fayil, da na bishiya, da lambar sigar kanel da ta kwamfaila, su shiga git tare. Buildroot da Yocto, waɗanda ke gina U-Boot da kanel da rumbun fayiloli a tafi ɗaya, duk suna karɓar irin waɗannan fayiloli, don haka ranar da aikin ya girma ba za ka fara daga farko ba.

Idan gyaran tsaro ya fito, daga 6.12 kaza zuwa na gaba, jawo shi ka sake haɗawa ka gina. Idan tsalle ne zuwa wata babbar siga, make olddefconfig zai cike sabbin zaɓuɓɓuka da matsayinsu na asali, sai ka sa scripts/diffconfig ya nuna maka bambancin tsohon .config da sabo, ka karanta shi layi-layi, domin direbobi suna canza suna, wasu ma a maye gurbinsu, kamar yadda aka yi wa na kati da na siriyal a wannan allo. Idan kuma akwatin na sayarwa ne, kanel yana ƙarƙashin lasisin GPL siga ta 2: wanda ka miƙa wa na'urar yana da haƙƙin samun tushen kanel ɗin da ke cikinta, har da facin da ka yi da abin da ake buƙata don sake gina shi.